Shin 'yan mishan ne suka jawo wa kansu kisan da aka yi musu a ƙasar Sin?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Na zo da maganar da muka fara da Malama Ladi ba mu ƙarasa ba. Abin da na ce shi ne, Turawan mishan na ɗarikar Furotesta da aka kashe a ƙasar Sin, musamman a tarzomar 1900, su suka jawo wa kansu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ga hujjata. Na farkonsu, Robert Morrison, ya sauka Guangzhou a 1807, kuma albashin da ya rayu da shi na tafinta ne a kamfanin Ingila na East India, kamfanin da ke noma ofiyom, wani abu mai sa maye, a Indiya ana kwararo wa Sinawa. Bayansa Karl Gützlaff, Bajamushe, ya hau jiragen masu fasa-ƙwaurin ofiyom yana yi musu tafinta, a gefe guda yana raba takardun wa'azi a bakin gaɓa. Da Sin ta ce a daina sayar wa mutanenta guba, Ingila ta kawo yaƙi daga 1839 zuwa 1842, aka tilasta mata buɗe tashoshin ruwa biyar. Aka sake wani yaƙin, aka ƙone fadar shaƙatawar sarki a 1860, kuma yarjejeniyar 1858 da ta 1860 su suka ba ɗan mishan damar shiga ƙauyukan cikin ƙasa. Ka shiga gidan mutum ta ƙofar da igwa ta fasa, sannan ka yi mamaki don mai gida ya tsane ka?

Malama Ladi: Malam Habu, ban musa ko ɗaya daga cikin shekarun da ka kawo ba. Kalmar "jawo wa kansu" ce ta tsaya mini a wuya. 'Yan mishan Furotesta da iyalansu da aka kashe a 1900 sun kusa 190, kuma 53 daga cikinsu yara ne. Yaron da aka haifa a wani ƙauye a lardin Shanxi, wanda bai fi shekara uku ba, wace yarjejeniya ya sa wa hannu? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san nauyin gawar yaro a hannu. Ba zan iya karanta adadin nan in ce wai ruwa ne ya doki tsuntsun da ya ja shi ba.

Malam Habu: Allah Ya kiyaye in ce kisan yaro daidai ne, Malama. Addinina ma ya hana a kashe yara da mata da masu ibada a ɗakunansu ko a fagen yaƙi. Tambayata ita ce wa ya kai yaron wurin. Uban da ya san an shekara 30 ana ƙona gidajen mishan, ya ɗauki iyalinsa ya kai su gari mai tafiyar makonni daga bakin teku, shi ma da nasa kason.

Alhaji Sabo: Ni ba mai karatun tarihi ba ne, fatauci ke kai ni Guangzhou, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Akwai wani ɗan tsibiri a cikin garin da ake kira Shamian. Wata Juma'a bayan mun sauko masallaci abokin cinikina Basine ya kai ni. Ƙasa ce da aka haƙa rafi aka raba ta da sauran gari, aka ba Ingila kashi mafi girma, aka ba Faransa ragowar. A wancan lokacin gadoji biyu kacal ke shiga. Gine-ginen na nan har yau, manyan bishiyoyi sun yi musu inuwa, amare da angwaye na ta ɗaukar hoto a bakin coci. Abokin nan nawa ya tsaya a kan gada ya nuna mini inda ƙofar ƙarfe take a da, ya ce da dare kulle ta ake yi, kakanninsa ba su da ikon shiga sai da izini, a cikin garinsu. Bai ɗaga murya ba, amma na ga fuskarsa ta canza. Kuma coci biyu ne a tsibirin, ɗaya ta Katolika ɗaya ta Angilika. To talakan da ke tsaye a wancan ƙetaren gadar, yaya za a yi ya bambanta mai wa'azi da mai bindiga? Duk fatarsu ɗaya, duk bayan ƙofa ɗaya suke kwana. A nan ina bayan Malam Habu.

Baba Yohanna: Salama gare ku 'ya'yana. Na yi shekaru ina aikin bishara kafin ƙafa ta gaza, kuma wannan tarihin mun karanta shi tun muna makarantar Littafi Mai Tsarki, sai dai rabi aka koya mana. Zan fara da abin da bai yi mini daɗi ba, domin Ladi 'yata ce a cikin bangaskiya kuma ba na so ta kare abin da ba ya karuwa.

A 1868 Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar China Inland Mission a 1865, ya kama gida a birnin Yangzhou. Mutumin nan ya bar kwat da wando ya sa tufafin Sinawa, ya aske gaban kansa ya saki kitso ɗaya a baya kamar mazansu, har Turawan Shanghai suna yi masa dariya. Duk da haka jita-jita ta bazu cewa baƙin suna sace jarirai suna ƙwaƙule musu ido don haɗa magani. A watan Agusta dubban mutane suka afka wa gidan, suka cinna wuta. Matarsa Maria, da tsohon ciki, ta diro daga bene don ta tsira. Ba a kashe kowa ba. To me ya biyo baya? Ƙaramin jakadan Ingila, Medhurst, ya taso da jiragen yaƙi har Nanjing, ya matsa wa babban gwamna Zeng Guofan lamba sai da aka tsige jami'an garin aka biya diyya. Taylor bai roƙi a turo jirage ba, amma sun zo da sunansa, ya kuma koma gidan a ƙarƙashin inuwarsu. Har a majalisar dattawan Ingila sai da aka tashi ana tambaya wane haƙƙi suke da shi na tura masu wa'azi cikin Sin sannan a bi su da sojan ruwa. Don haka Habu, a kan inuwar igwa ka yi gaskiya.

Inda na rabu da kai shi ne nan. Ka haɗa kowa a kwando ɗaya. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a Ingila cewa cinikin ofiyom abin kunya ne, 'yan mishan ne, domin su ke ganin masu shan sa suna sayar da gona da 'ya'ya. Benjamin Broomhall, sakataren ƙungiyar Taylor, ya ƙare rayuwarsa yana wannan yaƙin. A 1906 'yan mishan fiye da 1,300 suka sa hannu a takardar neman a hana shi. Peter Parker ya buɗe asibitin ido a Guangzhou tun 1835. A yunwar 1876 zuwa 1879, wadda ta kashe mutum miliyan 9 ko fiye a arewacin Sin, Timothy Richard ya shiga Shanxi yana raba kuɗin abinci gida-gida, abokan aikinsa na mutuwa da zazzaɓi. A wannan lardin dai aka fi kashe su bayan shekara 20.

Nasiru: Baba, da girmanka, amma asibiti da makaranta ai koto ne a bakin ƙugiya. Ba don Allah suke yi ba, don a shiga addininsu ne.

Baba Yohanna: Ɗana, ba su taɓa ɓoye cewa so suke a tuba ba, shi ya kai su. Amma wanda aka cire wa yanar ido ya koma gida yana gani, ko ya tuba ko bai tuba ba, kuma mafi yawansu ba su tuba ba. Morrison ya yi shekara 27, waɗanda ya yi wa baftisma ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Zainabu: Ina neman afuwar manya, ni ce ƙarama a nan, amma wannan zangon karatun muka yi darasin tarzomar 1900 kuma akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo. Tun ɗazu ana ta maganar Turawa 190. Sinawa Kiristoci da aka kashe a wannan bazarar fa? 'Yan Katolika kusan 30,000, 'yan Furotesta kusan 2,000, 'yan Otodoks 222 a Beijin kaɗai. Wato duk Bature ɗaya da ya mutu, Sinawa fiye da ɗari sun bi shi. Su ba su zo a jirgin ruwa ba, a garin aka yanke musu cibiya. Idan muka ce "su suka jawo wa kansu", waɗannan a ina za mu ajiye su?

Kuma in an duba yadda rigimar ke farawa a ƙauye, sau da yawa ba Bature a wurin ma. Kowane ƙauye na da ɗakin bautarsa, kuma duk shekara ana karo-karo a ɗauko 'yan wasan kwaikwayo su yi wa gumaka wasa a dandali, musamman in ana roƙon ruwa. Shi ne bikinsu, shi ne kasuwarsu, shi ne taron zumuncinsu. Sai ofisoshin jakadanci suka matsa wa gwamnati ta yafe wa Kiristoci wannan kuɗin, tunda a wurinsu bautar gunki ce. Ku duba yadda abin yake a idon maƙwabci: gida goma sun daina biya, nauyin ya koma kan sauran, kuma ranar wasa ga 'ya'yan waɗancan gidajen a gaba-gaba suna kallo. Sannan ga kotu. In Kirista ya yi shari'ar gona da wanda ba Kirista ba, limamin coci na iya rubuta wa alƙali takarda, alƙali kuwa na tsoron kada magana ta kai ofishin jakada a Beijin ya rasa kujerarsa. Har ɓatagari suka riƙa shiga coci don samun wannan rigar. Ga kuma hana tuba yin hadaya ga kakanni, wanda a wurin Basine daidai yake da ka ce ba ka da uba.

Sai Rawayen Kogi ya yi ambaliya a 1898, fari ya biyo baya a 1899 da 1900. Samari ba shuka ba girbi, suna zaune cikin yunwa, sai ga masu koyar da dambe da tsafi suna cewa aljanu za su hau ka harsashi ba zai huda ka ba, kamar dai 'yan tauri. Su ne Yihetuan, waɗanda Turawa suka kira Boksa, wato 'Yan Dambe. Suka ce sama ta hana ruwa ne saboda coci-coci sun tsone mata ido. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Jirgin yaƙin Jamus na can teku ba mai iya kai masa hannu, amma maƙwabcin da ya ƙi biyan karo-karo ga shi nan a bayan danga.

Malam Habu: Madalla da wannan bayani, ƙanwata, amma ai hujjata kika ƙarfafa. Wa ya raba ƙauyen gida biyu? Wa ya rubuta wa alƙali takarda? Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ga abin da ya faru a Juye a Nuwamba 1897: an kashe limaman Jamus biyu, cikin kwana kaɗan sojan ruwan Jamus suka kama Qingdao, suka karɓi hayar wurin na shekara 99. Rasha da Ingila da Faransa kowa ya zo ya yanki nasa. Basine ya ga da idonsa cewa jinin mai wa'azi biyu ya ci masa tashar ruwa sukutum.

Malama Ladi: Malam, waɗanda aka kashe a Juye 'yan Katolika ne, kuma da'awarka a kan Furotesta ka kafa ta. Ba ina tura laifi kan 'yan'uwanmu Katolika ba ne, sun fi kowa zubar da jini a shekarar. Amma tarihi ya bambanta su. A Maris 1899 gwamnatin Sin ta ba bishop-bishop na Katolika matsayi daidai da gwamnan lardi, har da kujerar da ake ɗaukar manya a kai. An yi wa Furotesta tayin irin wannan, suka ƙi karɓa. Taylor ma ya hana mutanensa shiga shari'ar tubabbu.

Malam Habu: Sun ƙi kujera, amma ba su ƙi fasfo ba. Ba su ƙi dokar da ta ce alƙalin Sin ba shi da ikon hukunta su ko sun yi laifi ba. Wanda ya ƙi rawani ya riƙe sandar sarauta, me ya ƙi?

Baba Yohanna: Wannan tambayar ta yi nauyi, Habu, kuma ba ni da amsar da za ta share ta. Amma ina so ka dubi taswirar kisan. In da ƙiyayyar talaka ga mai wa'azi ce kaɗai, da an fi kashe su inda suka fi yawa kuma suka fi daɗewa, wato Fujian da Guangdong da bakin kogin Yangtze. Ba haka aka yi ba. Fiye da 150 daga cikin kusan 190 ɗin nan a Shanxi da iyakar Mongoliya suka mutu. Dalili mutum ɗaya ne da kujerarsa, gwamna Yuxian. Shi ne ya ɗaure wa 'Yan Dambe gindi a Shandong har Turawa suka sa aka cire shi a ƙarshen 1899, sai fada ta mayar da shi Shanxi. A Taiyuan, ranar 9 ga Yuli 1900, aka kashe baƙi kusan 45, maza da mata da yara, Furotesta da Katolika, bayan an tattara su da sunan za a kare su. A Fenzhou kuwa, a watan Agusta, aka ce wa waɗanda suka rage su hau amalanke soja za su raka su bakin teku. Suka ɗora 'ya'yansu da ɗan guzurinsu, aka fita da su bayan gari, 'yan rakiyar suka kashe su. Wani malamin makaranta Basine mai suna Fei Qihao, da ke tare da su, shi ya tsere ya yi tafiyar makonni a ƙasa ya kai labari Tianjin.

Yanzu dubi maƙwabta. A Shandong, inda tarzomar ta samo asali, sabon gwamna Yuan Shikai ya sa aka raka 'yan mishan zuwa gaɓa. A Shaanxi, lardin da ke maƙwabtaka da Shanxi, gwamna Duanfang ya kare su. Manyan gwamnonin kudu, Li Hongzhang da Zhang Zhidong da Liu Kunyi, suka ƙi bin umarnin yaƙin da Sarauniya Cixi, mai riƙe da mulkin Sin a lokacin, ta bayar ranar 21 ga Yuni. Wa'azi ɗaya, yarjejeniya ɗaya, fushin talaka ɗaya. Inda mai mulki ya ce a'a, an rayu. Inda ya ce bismillah, an mutu. Idan ka ce su suka jawo wa kansu, ka wanke Yuxian tas.

Alhaji Sabo: Baba, wannan ta shige ni. Amma ina da tambaya. Musulmi sun fi shekara 1,000 a Sin, masallacin Huaisheng da ke Guangzhou na daga cikin tsofaffin masallatan duniya. Fatake suka kai addinin, ba da igwa ba. Me ya sa su ba a far musu a 1900 ba?

Zainabu: Alhaji, gaskiya ne ba su ne abin hari ba a 1900. Hasali ma rundunar Gansu ta Janar Dong Fuxiang, wadda akasarin sojojinta Musulmi ne, tana cikin waɗanda suka yi wa unguwar jakadu ƙawanya na kwana 55, daga 20 ga Yuni zuwa 14 ga Agusta, kuma kwamandansu Ma Fulu a nan Beijin ya mutu. Sun tsaya a matsayin 'yan ƙasa. Sai dai kada mu ɗauka zuwa ba tare da igwa ba ya tsare su daga takobi. Tsakanin 1856 da 1873 a Yunnan, da 1862 zuwa 1877 a Shaanxi da Gansu, yaƙi tsakanin Musulmi da daular Qing mai mulkin Sin ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, an share garuruwa ƙurmus. Kuma daular na da dalilinta na tsoron duk wata sabuwar ƙungiyar addini. Hong Xiuquan, wanda ya tayar da tawayen Taiping, takardun wa'azin wani Basine Furotesta mai suna Liang Fa ya karanta, ya ce shi ƙanen Yesu ne. Yaƙin ya kai 1864, ya kashe mutum miliyan 20 ko fiye. Duk wani jami'in da ya rayu a lokacin, in ya ji kalmar Yesu, wannan yake tunawa.

Nasiru: To mu nan me ya hana irin haka? Ai su ma sun zo.

Baba Yohanna: Sun zo, kuma a shekarar nan ta 1900. Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller sun isa Kano, Sarki Alu ya ba su kwanaki kaɗan su bar gari, suka fita da ransu suka koma Girku. Daga baya Turawan mulki da kansu suka taƙaita wa'azi a masarautu. Akwai ma dangantaka ta jini: Karl Kumm, wanda ya kafa Sudan United Mission ya iso Wase a 1904, matarsa Lucy Guinness ce, 'yar'uwarta Geraldine kuwa matar ɗan Hudson Taylor ce. Gida ɗaya ya aika wasu Sin ya aika wasu nan. Amma kada mu karkata, yanayin bai zama ɗaya ba, mu koma kan Sin.

Malam Habu: Mu koma, domin akwai abin da ya faru bayan an ci Beijin wanda ba na so a tsallake. Sojojin ƙasashe takwas suka shiga, suka wawashe birnin. Sarkin Jamus Wilhelm ya sallami sojojinsa da umarnin kada su kama fursuna. Suka bi ƙauyuka suna ƙonawa, wanda ya yi dambe da wanda bai yi ba. A cikin wannan hali wani ɗan mishan Ba'amurke, William Ament, ya bi ƙauyuka yana karɓar diyya da hannunsa, har da ƙarin tara, ya kuma mamaye gidan wani basarake ya sayar da kayan ciki. Sai da marubucin Amurka Mark Twain ya yi masa kaca-kaca a 1901. Malama Ladi, wannan fa? Mai wa'azin a juya ɗaya kuncin ne ke yawo da takardar tara.

Malama Ladi: Ba zan kare shi ba, Malam. Na san an ce a maganar ƙarin tarar kuskuren wayar tangaraho ne ya mai da "kashi ɗaya cikin uku" ya zama "ninki 13" a jarida, kuma ya ce kuɗin na zawarawa da marayun Sinawa Kiristoci ne da aka bari ba gida ba abinci. Ko da haka ne, wanda ya karɓi kuɗi a hannun talaka alhali soja na bayan gari, ƙwace ya yi, ko me ya yi da kuɗin. Abin kunya ne a gare mu. Amma tunda ka kawo Ament, ka kawo Taylor ma. Ƙungiyarsa ce ta fi kowa asara, manya 58 da yara 21. Ta ƙi karɓar ko sisi na diyya, na rai ko na gini. Shi kuma Timothy Richard, da aka kira shi ya sasanta maganar Shanxi, ya ce a tara tayel 500,000 (tayel ma'aunin kuɗin azurfa ne na Sin) cikin shekara 10 a gina wa lardin jami'a, bayan shekara 10 a miƙa ta ga Sinawa. Haka aka yi, Jami'ar Shanxi ta buɗe a 1902 kuma tana nan. Akwai kuma wata uwa 'yar Ostareliya da aka kashe mata 'ya'ya mata biyu, Nellie da Topsy Saunders, a harin Gutian na 1 ga Agusta 1895, inda mutum 11 suka mutu. Ta tattara kayanta ta tafi lardin Fujian ta zauna cikin mutanen har ƙarshen ranta. Wannan matar ba 'yar leƙen asirin kowa ba ce.

Malam Habu: Na ji, kuma matar nan ta ba ni tausayi. Zan janye kalma ɗaya. Ba zan ƙara cewa "su suka jawo wa kansu" ba, saboda yaran da Malama ta ambata da kuma maganar Yuxian da Baba ya kawo. Amma ba zan janye gindin maganar ba. Mutumin kirki na iya zama a cikin tsarin zalunci ya ci moriyarsa, kuma kirkinsa ba ya goge hakan. Ko jami'ar Richard, da kuɗin wa aka gina ta? Da harajin manomin Shanxi da fari ya gama cinyewa. Ba wanda ya tambaye shi ko jami'a yake so ko iri.

Zainabu: A kan wannan ina tare da kai, Malam. Yarjejeniyar 7 ga Satumba 1901 ta ɗora wa Sin tayel miliyan 450 na azurfa, wato tayel ɗaya a kan kowane Basine, a biya cikin shekara 39 da ruwa kashi 4 cikin ɗari, jimilla ta haura miliyan 980. Daga kuɗin kwastan da harajin gishiri aka riƙa cira. An kuma dakatar da jarrabawar shiga aikin gwamnati na shekara biyar a garuruwan da aka kashe baƙi, wato an hukunta ɗaliban da wataƙila ba su taɓa riƙe takobi ba. Amurka ta mayar da wani kaso a 1908, da shi aka kafa makarantar Tsinghua a 1911, kuma wani ɗan mishan, Arthur Smith, na cikin waɗanda suka roƙi Shugaba Roosevelt ya yi hakan. Amma kuɗin Sinawa ne aka mayar musu da sharaɗin yadda za su kashe shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Yohanna: 'Yata Zainabu, tun da kika kawo adadin Sinawan nan nake ta juya shi a raina. A makarantarmu an sa mun haddace sunayen Turawan, Horace Pitkin da aka kashe a Baoding, da mutanen kwalejin Oberlin da suka mutu a Taigu da Fenzhou. Har ƙofar tunawa aka gina musu a Oberlin a 1903, aka sassaƙa sunayensu a dutse. Ba wanda ya koya mana sunan Fasto Meng na Baoding, wanda aka ba shi dama ya gudu ya ƙi barin aikinsa, aka kama shi aka kashe. Sai da na tsufa na ci karo da shi. Da yawa daga cikin tubabbun nan an ce musu su ƙona turare a gaban gunki su tsira. Wasu sun ƙona, kuma ba ni da bakin zarginsu. Wasu sun ƙi. Habu, in ka ce addinin kayan Bature ne kawai da igwa ta kawo, waɗannan don me suka mutu alhali Baturen ya gudu ko an riga an kashe shi? A 1900 Furotesta Sinawa ba su wuce 100,000 ba. An kori 'yan mishan gaba ɗaya a farkon shekarun 1950, ba jakada ba jirgin yaƙi, amma a 2018 gwamnatin Sin da kanta ta ce sun kai miliyan 38.

Malam Habu: Baba, wannan adadin ni ma hujja ce a wurina. Sun yi yawa ne bayan Baturen ya tafi da fasfonsa. Da tun farko an bar Liang Fa da irinsa su yi wa 'yan'uwansu magana ba tare da takardar jakada ba, wataƙila da ba a kai ga Taiyuan ba.

Malama Ladi: Liang Fa ai a hannun William Milne, abokin aikin Morrison, ya karɓi baftisma, Malam, kuma Morrison ne ya naɗa shi mai wa'azi. An kama shi an yi masa bulala tun 1819 saboda buga takardun wa'azi, shekara 20 kafin yaƙin ofiyom, lokacin ba yarjejeniya ba jirgin yaƙi. Wannan ka bar mini ita a buɗe, ban yarda ka rufe ta ba.

Malam Habu: Na bar ta a buɗe, Malama. Zan koma in karanta dokar da ta haramta addinin tun zamanin Sarki Yongzheng a 1724 da abin da ya jawo ta, sannan in dawo miki.